Sai Bayan Albasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Wurno da buhun albasa yana jiran mota ya san Tambari Direba. In ma bai san fuskarsa ba, ya san hayaƙinsa. Tsohuwar akori-kura ce gare shi, wadda aka ce fara ce a zamanin ƙuruciyarta, amma yanzu ba mai iya rantsuwa a kan launinta. Takan wuce ta bar wani shuɗin hayaƙi mai kauri a baya, wanda ba ya gaggawar tashi. Sai ya tsaya a kan titi yana lilo, ya leƙa rumfar mai shayi, ya ratsa tsakanin ƙafafun jakuna, sannan ya bi iska ya gangara fadama. 'Yan tasha suka raɗa wa motar suna Mai Turare. Tambari bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce ai ko amarya ba ta fita sai da turare.

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana bin waɗannan hanyoyi. Albasa da tafarnuwa daga Wurno, shinkafa daga Goronyo, gero da wake daga Tursa da ƙauyukan Rabah, ran kasuwar Rimawa kuwa har da awaki da masu awakin. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, irin ta wanda ya ƙare rayuwarsa yana leƙen cikin bonet. Ba shi da yawan magana. Yana cikin tuƙi sai ka ga ya karkata kai gefe ya lumshe ido ɗaya, kamar mai sauraron kiran salla daga wani gari. Inji yake saurare. Da ya ji ta fara ɗingishi sai ya ce, "Lamba ukku ta," ya gangara gefen titi, fasinjoji su sauko su nemi inuwa ba tare da an ce musu komai ba.

Ciwon Mai Turare ba ɓoyayye ba ne. Inji ya tsufa, ringin fistan ya cinye, baƙin mai yana haurawa sama ya shiga inda fetur kaɗai ya kamata ya shiga. Can sai ya iske fulogi, ɗan ƙarfen nan mai farin wuya da ke ƙyasta wuta a cikin inji, ya lulluɓe masa baki da baƙin danƙo. Fulogi huɗu ne a motar. In ɗaya ya jiƙe ya daina ƙyastawa, mota ta koma tafiya da ƙafa uku ke nan, tana kakkarwa tana tari. In biyu suka jiƙe, to a sauko a tura. Na ukun kuwa shi ne uban tafiya, kullum shi ke fara jiƙewa.

Isa Bakanike, mai gareji a bayan tasha, ya faɗa masa gaskiya tun kan Isa yana baƙi wuluk.

"Baba Direba, injin ga ringi shika so. A sauke shi a sa sabo, ka huta."

"Sai bayan albasa," in ji Tambari.

Da farko da gaske yake. Lokacin albasa ba direban da zai kwantar da motarsa kwana uku, ga bakuna a gida suna jiran hatsi. Albasa ta zo ta wuce, wata hidima ta taso, aka ce sai bayan ta baɗi. Albasa nawa aka cire a fadamar Wurno tun daga ranar, Allah kaɗai ya san adadi. Isa ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, har ya daina tambaya.

Abin da ya riƙe motar nan duk tsawon shekarun ba Isa ba ne, ba kuma Tambari ba. Matarsa ce, Uwaliya.

Uwaliya ɗiyar masunta ce daga wani ƙauye a bakin ruwan Goronyo. A gindin bandar kifi ta tashi, saboda haka ta san halin wuta tun ba ta san halin mutane ba. Farkon lamarin, Tambari fetur yake zuba wa fulogan a murfin gwangwani ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi bal-bal ta mutu, danƙo yana nan inda yake, wani lokaci ma farin wuyan ya tsage ya yi asara. Wata safiya tana dama kunu tana kallonsa ta wutsiyar ido, har haƙurinta ya ƙare.

"Direba, wuta ba a yi mata tsawa. Kawo nan."

Ta janyo garwashi gefen murhu, ta jera fulogan huɗu, bakinsu a cikin jan garwashi, farin wuyansu a waje bisa wani tsingaro. Ba ta fifita ba, ba ta hura ba. Ta ci gaba da damunta, jefi-jefi ta sa tsinke ta juya su. Da farko hayaƙi baƙi ya tashi, ya koma shuɗi, daga nan ya zama wani siririn fari kamar zare. Da farin ya yanke ta ce sun nuna. Ta tura su cikin toka mai sanyi suka huce a hankali, ta sosa bakinsu da tsinken tsintsiya, ta busa. Shi kuma ya goga musu samfefa, ya gwada tazarar bakin da reza. Ran nan Mai Turare ta je Goronyo ta dawo ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Tun daga ranar abin ya zama ƙa'idar gidan. Fulogi takwas ya tanada, huɗu a inji, huɗu a gwangwanin madara ƙarƙashin kujera saboda halin hanya. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya kwance jiƙaƙƙun, ya kawo mata a tafin hannu. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Matar da ba ta taɓa leƙa cikin bonet ba, amma da hanci take ware na ukun daga cikin 'yan'uwansa. Maganar da suke yi kuwa ba ta canjawa, har yara suka haddace ta suna kwaikwayo a bayan ɗaki.

"Lamba ukku ta. Kullum ita. Direba, yaushe za ka gyara motag ga?"

"Sai bayan albasa, ɗiyam masunta."

"In ka gyara, ka kai ni in ga ruwa."

"In na gyara."

Don kuwa mutumin nan ya ɗauki buhu, ya ɗauki akuya, ya ɗauki amaren mutane da marasa lafiyarsu, amma bai taɓa yarda ya ɗauki Uwaliya ba. Ya ce shi ba za a ga matarsa tsaye a bakin titi cikin rana ana tura mota ba. In ganin gida ya taso sai ya sa ta a motar wani. Daga baya iyaye suka rasu, dangi suka watse, zuwa bakin ruwa ya yanke. Direba take ce masa tun ranar da aka kawo ta. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko tambarin gidan sarki aka kaɗa, ita ganga take cewa.

To, yau da gobe ba ta bar komai ba. Abin ya fara da ƙanana. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta kira ɗiyarta Sauda da sunan wata yayarta da ta rasu tun ana yara. Wata rana aka same ta tana laluben bayan ƙyaure, ta ce filafilin tuƙa jirgin babanta take nema, za a fita kamun kifi. An je asibiti a Sakkwato, an sha rubutu, an yi saukar Alƙur'ani. Likita ya ce ruɗewar tsufa ce, sai haƙuri da lallashi. Cikin shekara biyu Uwaliya ta daina gane 'ya'yan cikinta. Takan zauna a gindin darbejiyar tsakar gida, yatsunta suna ɗinkin wata komar kamun kifi da ba mai ganinta sai ita. Sauda, wadda ke aure a unguwar, ita ta karɓi girki da wanki.

Shi kuwa Tambari, bawan Allah ya koma. In ya yi sallama ya shigo sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce cikin ladabi, "Bawan Allah, ka jira zaure, maigidan ba shi nan." Sai ya ce to, ya koma zauren gidansa ya zauna. Wannan abu ya ci masa rai ƙwarai. Ya binne iyaye, ya binne 'ya'ya biyu, amma bai taɓa jin maraici irin na zaman zauren nan ba.

Sai dai akwai safiya. Sauda takan hura wuta ta wuce bayan gida ɗibar ruwa da shara, don ɗiya mai kunya ba ta tsayawa kan iyayenta in suna zaune tare. Tambari ya tsuguna a bakin murhu ya zuba fulogan a tafin Uwaliya. Ta kai hanci. Sai ka ga fuskarta tana dawowa a hankali, kamar wadda ta iso daga doguwar tafiya tana sauke kaya.

"Direba, ka makara yau."

Daga tashin baƙin hayaƙi zuwa yankewar farin, matarsa ce. Ta tambaye shi hanya, ta yi masa faɗan aljihun da ya yage, ta ce ya rame, ta tambayi ko an fara dashen albasa. Duka-duka bai wuce a sha kofin kunu mai zafi ba. Da farin zaren nan ya yanke, ta tura fulogan cikin toka, sai idanunta su koma can inda suke zuwa, hannu ya laluɓo mayafi. Wannan ɗan lokaci shi ne abin da ya rage wa Tambari a duniya, kuma ya san haka. Bai faɗa wa kowa ba. Ta yaya dattijo mai furfura zai buɗe baki a gaban 'ya'yansa ya ce kullum yana layi ne matarsa ta gane shi? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Akwai ɗansa Mudathir, ma'aikacin ofis a Sakkwato, yaron kirki wanda ba ya son ganin ubansa cikin wahala, ba ya kuma son jin ana ce masa ɗan Mai Turare. Sau uku yana cewa a sauke injin nan shi zai ɗauki nauyi, sau uku ana ce masa sai bayan albasa. Ya ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Da yanar ido ta rufe wa Tambari idonsa na dama, Mudathir ya shirya aka yi masa aiki a birni, ya riƙe shi a gidansa kwana biyar yana jinya. A bayan idonsa kuwa ya aika wa Isa makullin mota.

Isa ya shekara talatin yana jiran wannan rana, saboda haka bai yi wasa ba. Ya sauke inji, ya wanke shi fes, ya sa sabon ringi, ya ɗaura sababbin fulogi huɗu daga kwali. Tsofaffin takwas ɗin nan da gwangwaninsu ya watsa wa masu sayen gwangwan. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, ba mai musun haka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da Tambari ya dawo da baƙin tabarau a ido, ya tarar da maƙwabta sun taru a ƙofar gida, Isa yana zaune a mazaunin direba yana murmushi har kunne. Isa ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, tana wani gunji mai laushi kamar ƙudan zuma a kogo. Tambari ya zaga baya, ya tsuguna, ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya duba. Ba baƙi, ba danshi. Iska ce kawai mai ɗumi.

"Baba, yanzu ka huta," in ji Mudathir.

"Allah shi yi maka albarka," in ji Tambari. "Allah shi ba ka masu yi maka."

Har zuciyarsa ya faɗa. Amma da ya zo miƙewa sai da ya dafa mota. Ya laluba ƙarƙashin kujera, ya tambayi ina gwangwaninsa. Isa ya yi dariya ya ce ai wahala ta ƙare, ya ba masu gwangwan. Jama'a suka taya shi dariya.

Washegari da asuba ya kwance fulogan. Busassu ne ƙayau, launin ɓawon gyaɗa, yadda kowane direba ke addu'ar gani. Ya kai mata haka nan. Uwaliya ta juya su, ta shinshina, ta miƙo masa da hannu biyu.

"Bawan Allah, waɗanga ba su da ciwo. Mi za ni yi musu?"

Ta ja mayafi. Kashegari ya tsoma su cikin galan ɗin tsohon baƙin man da Isa ya tsiyaye daga injin, ya kawo suna ɗiga. Ta kai hanci, ta yamutsa fuska, ta ce wanga ɗanyen mai na, bai ga wuta ba, wasa akai da ita ko mi? Rana ta uku ya gangara fadama ya roƙo jiƙaƙƙen fulogin injin ban-ruwa a wurin wani mai tafarnuwa. Wannan ta daɗe tana shinshinawa, har ya fara sa rai. Sannan ta girgiza kai ta ce ba nasu ba na, a mai da wa mai shi.

Safiya goma sha ɗaya aka yi haka. Ya ci gaba da fita aiki, fasinjoji suna yabon mota suna sa wa Mudathir albarka. Sabon idon ya buɗe masa duniya tar. Ya ga koren fadama yadda ya manta da shi, ya ga balbelu a bayan shanu har yana iya ƙirga su, ya ga zanen lalle a hannun mai tallar fura daga ƙetaren titi. Komai ya fito sarai, shi kuwa ji yake kamar a mafarki yake tuƙi, motar wani, hanyar wani. Yakan karkata kai ya lumshe ido don ya saurara, ba abin ji. Ya duba madubi, titi wayam a bayansa, kamar bai wuce ta nan ba. Ya dawo gida a ce masa ya jira a zaure.

A zauren ne ya tuna da alkawarin kai ta ganin ruwa. An gyara mota, ko da ba shi ya gyara ba, kuma alkawari kaya ne. Ya sa Sauda ta shirya uwarta, ta ɗaura mata atamfar da take so, suka zauna su biyu a gaba. Da hantsi suka tashi don su dawo kafin la'asar, yadda kowa ke yi a hanyar nan yanzu saboda rashin tsaro. Shekara arba'in da uku da aure, ran nan ne Uwaliya ta fara shiga motar mijinta. Ta zauna a takure jikin ƙofa, ta riƙe mayafi da haƙori, tana kallon gonaki suna gudu baya.

Tun kafin ruwa ya bayyana ta saki mayafin. Ƙamshin banda ne ya fara iso musu, da ƙarnin danshi. Da suka hau tudu sai ga dam ɗin Goronyo shimfiɗe, fari fat da hasken rana, ba a ganin ƙarshensa, jirage ƙanana suna shawagi a kai kamar ba su taɓa ruwan ba. Uwaliya ta sauka ba wanda ya riƙe ta. Ta tuɓe takalmi, ta gangara, ta tsoma ƙafafu. Ta leƙa kwandon wani masunci tana kiran kifaye da sunansu, tarwaɗa, ƙarfasa, ragon ruwa, har ta gaya masa komarsa tana son ɗinki ta gefen hagu. Mutumin ya duba, ya ce wallahi Inna ta yi gaskiya. Sauda ta share ido ta ce bari ta je wurin masu banda ta sayo na miya.

Tambari ya zauna a kan wani dutse nesa kaɗan, irin tazarar da baƙo ke bari. Ruwa yana zuwa ya lashi ƙafarta ya koma. Can ta waiwayo ta dube shi, fuskarta a sake, ba tsoro.

"Bawan Allah, motakka tana da daɗi. Ba tari, ba hayaƙi."

"An gyara ta, shi ya sa."

"Mijina ma direba na. Ko ka san shi? Tambari. Tambari na Wurno."

Shekara arba'in da uku, yau ne ya ji sunansa a bakinta, kuma wani take faɗa wa. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Na san shi," ya ce.

"Motatai ba ta da lahiya. Ya ce in ya gyara shina kawo ni nan in ga ruwa." Ta yi 'yar dariya, ta rage murya kamar mai tsoron kada masunta su ji. "Ba shi gyarawa. Ni ma ban son shi gyara, hwaɗi kawai nikai."

"Don mi, baiwar Allah?"

"In ya gyara, mi za shi kawo min da sahe?"

Tambari ya dubi ruwa, ruwa ya rabu biyu a sabon idon nasa. Ashe ba shi kaɗai ya riƙe abin nan a ciki ba. Ashe tun tana da hankalinta ta san bayan albasa ba ranar zuwa ba ce, kuma haka take so.

Uwaliya ta ci gaba, tana wasa da ruwa da yatsun ƙafa. "Kwana da yawa ban gan shi ba. Ana hura wuta, ina zamne, bai taho ba. Ban san abin da ni yi mai ba. Tun da kun san juna, in ka gan shi ka ce mai ina jira."

"Ina hwaɗa mai," in ji Tambari. "Gobe shina tahowa, in Allah ya so."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

A hanyar dawowa ta yi barci a kafaɗar Sauda, ƙafafunta da sauran yashi. Motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

Da ya dawo daga sallar asuba bai shiga gida ba. Ya ɗauko galan ɗin tsohon baƙin mai daga zaure, da cokalin shayi da ya aro a rumfar bakin masallaci. Ya ɗaga bonet. Inji yana ta ƙyalli a hasken alfijir, ko'ina ka duba alherin ɗansa ne da gumin Isa. Ya dafa gefen motar. Sannan ya ce a hankali, "Mudathir, ka yahe min," ya zare wayar lamba uku, ya sa sifana ya kwance fulogin.

Shekara talatin yana yaƙi da baƙin mai kada ya kai wurin nan. Yau ga shi da hannunsa ya cika cokali, ya tsiyaya shi cikin ramin. Ya mayar da fulogi, ya ɗaure, ya murɗa makulli. Motar ta yi jim kamar mai mamaki. Sai ta yi tari, ta kama kakkarwa, ta ɗingisa da ƙafa uku, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Ya kashe, ya ƙara cokali ɗaya, ya sake tayarwa. Hayaƙin ya cika ƙofar gida, ya yi lilo a kan dakali, ya haura katanga a hankali ya sauka tsakar gida kamar wanda ya san hanya.

Da ya kwance fulogin, baƙi ne ƙirin, jiƙe, da zafinsa. Ya shiga gida yana juya shi daga wannan tafi zuwa wancan. Sauda tana tsaye da tsintsiya a bakin rijiya. Ta dubi hayaƙin, ta dubi cokalin da ke leƙowa daga aljihun ubanta, ta dubi uwarta. Ta ajiye tsintsiya ta zaga bayan ɗaki.

Uwaliya tana zaune a bakin murhu, ta riga ta ɗaga kai, hancinta yana bin iska, mayafi ya zame a kafaɗa ba ta kula ba. Ya tsuguna ya ajiye mata a tafi. Ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Lamba ukku ta."

"Ita ta."

"Kullum ita." Ta buɗe ido a kansa, ta hau shi da faɗa. "Direba, ina ka shiga? Dubi yadda ka rame. Mi as samu idonka?"

"Hanya ta riƙe ni, ɗiyam masunta."

"Guda ɗai? Ina sauran?"

"Sauran lahiyassu lau."

Ta yi tsaki irin na wadda ba ta yarda ba, ta janyo garwashi gefe, ta nemo tsingaro, ta kwantar da fulogin, baki a wuta, farin wuya a waje. Baƙin hayaƙi ya fara tashi a tsakaninsu.

"Direba, yaushe za ka gyara motag ga?"

Ya gyara tsugunno, ya share fuska da hannun da ke da mai, har ya bar baƙi a kumatu.

"Sai bayan albasa," ya ce.

Ta sa tsinke ta juya fulogin. Shi kuma ya zuba wa hayaƙin ido, yana roƙon Allah a zuciyarsa kada ya yi saurin komawa fari.